Kwamfutar biro ta tsufa: a sauya mata kayan ciki, ko a nemi wata?

Ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, tsarin da ya fito tun watan Yuli na 2015, wanda kuma shi ne ke tuƙa ɗimbin kwamfutocin da ke bisa teburan ma'aikatu da shagunan ƙasar Nijar. A wannan rana babu na'urar da ta mutu, babu takardar da ta ɓace. Wanda ya kunna tasa da safiyar 15 ga wata ya tarar da ita yadda ya bar ta. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaron da kamfanin ke aikowa kyauta kowane wata ta intanet, domin toshe kafofin da ɓarayin zamani ke ganowa. Tun daga ranar, kowace kafa aka gano a buɗe take zama, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Office 2016 da Office 2019, da ake buga wasiƙu da lissafi da su, su ma a ranar wa'adinsu ya cika.

Mai karatu na iya cewa wannan zancen Yamai ne. To amma gundumomin Madawa, Buza da Kaita kaɗai suna da ƙananan hukumomi 17, daga Bangi da ke bakin iyakar Najeriya har Ibohaman, kuma kowace na da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da jerin masu biyan haraji. A ƙara da biron parefe, da na sufeton makarantu, da asibitin gunduma, da ma'aikatun noma da kiwo. A ƙara da ƴan kasuwar albasa na kwarin Tarka, da attajiran Tamaske masu dukiya a Abijan da Duwala, waɗanda littafin bashinsu ya fara ƙaura daga takarda zuwa na'ura, balle tun da hukumar haraji ta shigo da tsarin rasit mai hatimin na'ura a 2021. Takardar haihuwar yaron da zai zauna jarrabawa, da lissafin buhun da aka ɗora wa mota bashi, yanzu cikin waɗannan akwatuna suke kwana.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Madawa. Kwamfutar shagonsa ta hannu ce, irin wadda ƴan boko ke kira "Farans o-rabuwar", ta gama aiki a wani biro na Turai kafin ta biyo jirgin ruwa. Takan yi minti biyar kafin ta farka, ga kuma saƙon da ta riƙa nuna masa cewa ba ta cancanci Windows 11 ba. Ya kira yaron da ke yi masa gyara.

"Alhaji, ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa," in ji yaron. "A ba ni kuɗi in sayo sabuwa daga Maraɗi."

Tambayar da ta kamaci Alhaji a nan ɗaya ce: "To ɗana, sabuwar za ta zauna a inda tsohuwar ta tashi?" Amsar wannan tambaya ita ce ke raba wanda zai kashe kuɗinsa sau ɗaya da wanda zai kashe sau uku.

Abubuwa huɗu ne ke riƙe da aikin kwamfuta. Akwai furosesa, wanda jama'a ke kira ƙwaƙwalwa, shi ne mai lissafi. Akwai ram, wato tabarmar da mai lissafin ke baje abin da yake aiki a kai a wannan sa'a, wadda ake kaɗewa tas da zarar an kashe wuta. Akwai disk, shi ne rudun ajiya, kamar wanda manomin albasa ke zuba amfaninsa a ciki ya jira tashin farashi. Abin da ke cikinsa yana nan ko da wuta ko babu. Sai uwar allo, wadda masu gyaran Nijar ke kira kart-mer, na Kano kuma madabod: faffaɗan allon nan mai layukan tagulla da dukkan sauran ke zaune a kansa. Disk ɗan ci-rani ne, kusan duk gidan da aka kai shi yakan zauna. Sauran ukun kuwa aurensu ɗaya, ba a sakin ɗaya a bar biyu sai da wuya.

Dalili kuwa shi ne gurbi. Kowane furosesa yana da gurbin da aka ƙera dominsa a kan uwar allo, mai ɗauke da ƴan siraran allurai fiye da dubu, kuma kamfanin Intel, wanda kayansa suka fi yawa a biro, yakan sauya wannan gurbi kusan duk bayan zubi biyu. Zubi na 2 da na 3, na shekarun 2011 da 2012, a gurbin LGA1155 suke zama. Zubi na 4, na 2013, ya koma LGA1150. Zubi na 6 da na 7 suka koma LGA1151. A 2020 aka fito da LGA1200, a 2021 LGA1700, a 2024 kuma LGA1851. Lambar nan ba ado ba ce, yawan alluran ne. Furosesan zubi na 12 ko a ido ya fi na zubi na 4 tsawo, ba zai shiga gurbinsa ba ko da guduma, kuma wanda ya gwada ya lanƙwasa allura biyu ko uku, ya kashe uwar allon gaba ɗaya. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Kamfanin AMD ya fi rangwame ta wannan fanni, domin gurbinsa na AM4 da ya fito a 2016 ya ɗauki zubi huɗu na Ryzen, har zuwa Ryzen 5000, kafin a koma AM5 a 2022. Sai dai kwamfutar hannu mai AMD ba ta cika yawa a kasuwannin yankin ba.

Ram ma haka. Sandar DDR3, ta injinan zubi na 2 zuwa na 4, tana da haƙora 240, da wutar bolt 1,5 take aiki. Ta DDR4 tana da 288, bolt 1,2. Ta DDR5 ita ma 288 ce, bolt 1,1, amma tsagar da ke tsakiyarta a wani wuri dabam take, da gangan, don kada ta shiga ramin da ba nata ba. Saboda haka wanda ya sauya furosesa ya sauya uwar allo, wanda ya sauya uwar allo kuwa, sandunan ram ɗin da ya tara sun zama kayan tarihi. Kuɗin da yaron Alhaji ya faɗa da farko na abu ɗaya ne daga cikin uku, sauran biyun sai ya iso Maraɗi za a ji labarinsu ta waya.

Yaya ake gane zubi? Nan ne ƴan kasuwa masu wayo a kan awon hatsi da canjin naira ke faɗawa rami da idonsu biyu. Mai sayarwa ya nuna ƴar takardar da ke manne a gaban akwati, ya ce "i7 ce, Alhaji, babba ce", shi ke nan an biya. Alhali i3 da i5 da i7 daraja ce a cikin gida ɗaya, kamar wa da ƙane, ba su faɗin shekarar haihuwa. Shekarar tana cikin lambar da ke biye. A i5-3470, lambar farko 3 ce, zubi na 3 ke nan, na 2012. A i5-4570 zubi na 4 ne, a i5-6500 na 6, a i5-8500 na 8. Idan lambobin biyar ne, kamar i5-10400, biyun farko ake karantawa, zubi na 10. Da wannan lissafi, i7-3770 da ake yi wa kirari dattijo ne na 2012 wanda Windows 11 ba ta san da zamansa ba, shi kuwa i3-8100 da ake rainawa, ƙaramin gidansu ne amma na 2017, ƙofa a buɗe take gare shi.

Gama sharaɗin da Microsoft ya gindaya wa Windows 11 tun fitowarta a watan Oktoba na 2021 shi ne furosesan Intel ya kasance na zubi na 8 zuwa sama, na AMD kuma Ryzen 2000 zuwa sama, ban da ƴan kaɗan ta kowane ɓangare. Ram ya kai jiga 4, disk jiga 64, sa'an nan a sami wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Akwai tarko ɗaya a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Zubi na 6 da na 7 a gurbin LGA1151 suke, zubi na 8 da na 9 ma sunan gurbinsu LGA1151, allurai daidai, girma daidai. Mai gyaran da bai ƙware ba zai ɗauki i5-8500 ya ɗora shi a kan uwar allon zubi na 6, ya zauna ɗaram, a kunna, shiru. Intel ya sauya aikin wasu alluran da kuma ƙananan na'urorin da ke kula da allon, sunan kaɗai ya bari. Shi ma mai zubi na 4 da aka lallashe shi ya sayi kayan zubi na 7 don ya sami Windows 11, tsugune ba ta ƙare masa ba, an sayar da kare an sayi biri.

Wasu masu gyara sun san dabarar tsallake sharaɗin, su cusa Windows 11 a tsohon inji. Takan tashi, takan yi aiki. Amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin aika wa irin wannan inji gyaran tsaro ba. Ɗalibi a ɗakinsa yana iya yin wannan caca. Biron da ke riƙe da albashin malaman makaranta bai kamata ya yi ta ba.

Ko da Alhaji ya amince ya sayi ukun duka, akwai sauran rina a kaba. Littattafai da bidiyoyin da ke koyar da sauya kayan ciki, kwamfutar haɗi suke nufi, wadda aka tara kayanta ɗaya bayan ɗaya a kan ma'aunin ATX da Intel ya fitar a 1995: ramukan kusoshi a wuri ɗaya, igiyar wuta mai baki 24. Kwamfutocin biro kuwa, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda su ne suka cika kasuwar kayan hannu daga Katako ta Yamai har titin Beirut na Kano, da yawansu ɗinkin gida ne. Uwar allonsu tana da siffarta, akwatin wutarsu yana da bakin da bai shiga allon kowa sai na gidansu, igiyar maɓallin kunnawa ma haka. OptiPlex 9020 na 2013, alal misali, igiyar wutarsa mai baki 8 ce maimakon 24. Sa'an nan siraran akwatunan da ake kwantarwa a ƙarƙashin ekaran ba su da wurin da allon kasuwa zai zauna. Wanda ya dage sai ya sauya, zai sayi uwar allo, furosesa, ram, akwatin wuta da kuma akwatin ƙarfen kansa. Abin da zai rage masa na tsohuwar kwamfutar shi ne disk da igiyar soket. Wannan ba gyara ba ne kuma, sabon gini ne a farashin ɗai-ɗai, wanda kowane ɗan kasuwa ya san ya fi na sari tsada.

Saboda haka ga wanda lallai Windows 11 yake bukata, hanyar da ta fi hankali ita ce ya sayi akwati sukutum na hannu, na zubi na 8 ko sama, irin su OptiPlex 3060 da 5060 da 7060, ko HP EliteDesk 800 G4, duka na 2018, ya riƙe ekaran da kilabiye da linzamin da yake da su, domin su babu ruwansu da zubi. Kamfanonin Turai da Amurka suna sauya injinansu duk bayan ƴan shekaru, saboda haka irin waɗannan suna shigowa. Sai dai a tuna cewa guguwar da ta koro su ita ce ta koro miliyoyin na zubi na 6 da na 7 waɗanda can ba mai so, kuma sanannen abu ne inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Za su iso da tsabta, da sheƙi, da araha. Sunan akwati ma ba shaida ba ne: Dell ya yi OptiPlex 7010 a 2012, ya sake ba wani inji wannan suna a 2023.

To amma da yawa daga masu kuka ba Windows 11 ce damuwarsu ba, nawa ce. Injin na jan ƙafa, sakatariya ta danna ta jira, layin masu neman takarda ya kai bakin ƙofa. A nan sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki. Furosesan zubi na 3 ko na 4 bai gaza buga wasiƙa da lissafin Excel ba. Mai laifin shi ne tsohon disk mai faifai, wanda ke juyawa sau 7200 a minti, da ɗan hannu mai kai da komo yana neman bayani kamar mai neman allura a rairayi. A cire shi a sa SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, a kan igiyar SATA ɗin nan dai, injin da ke farkawa a minti biyar sai ya farka a ƙasa da minti ɗaya. A ƙara ram daga jiga 4 zuwa 8, da sanduna biyu masu girma ɗaya don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Wannan shi ne gyaran da kuɗinsa ke dawowa, kuma SSD ɗin zai bi mai shi zuwa kowane inji ya saya nan gaba. Abu ɗaya za a duba: Windows mai bit 32 ba ta ganin abin da ya haura jiga 4, ko an cika ramukan duka, sai an sake zuba mai bit 64.

Zancen ram ya zo da nasa labarin. Kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, ke ƙera kusan kashi 9 cikin 10 na ram ɗin duniya. A 2025 suka juya masana'antunsu ga manyan rumbunan kwamfuta na fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, masu saye babu ciniki, suka kuma sanar da rage ƙirar DDR4. Kafin ƙarshen shekarar farashin sanduna ya ninka, wasu fiye da ninki. A watan Disamba Micron ya ce zai rufe Crucial, sunan da yake sayar wa talakawa ram da SSD da shi. Wanda ya ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994, ranar da kayan waje suka wayi gari da ninkin kuɗinsu, zai gane yanayin, duk da cewa wannan karon sefa ba ta da laifi. A ƙara da doguwar hanya, tun da rufe iyakar Benin a 2023 ya mayar da kayan tashar Kwatano biyowa ta Lome da Burkina Faso. Duk wannan ya sa sandunan da ke cikin tsohon injin biro sun zama abin sha'awa ga mai dogon hannu.

Nan ne maganar ta shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Littafin kayan ma'aikata yakan ce: kwamfuta ɗaya, iri kaza, lamba kaza. Ba ya faɗin abin da ke cikinta. Inji ya tafi gyara da jiga 8 ya dawo da 4, ya tafi da i5 ya dawo da Pentium mai gurbi ɗaya da shi, akwati na nan, lamba na nan, littafi bai ga komai ba. Ranar da aka gane, mai gyaran ya yi nisa, wanda ya sa hannu a takardar fitar da kayan shi za a tambaya. Shugabanni kuma suna sauyawa. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, kuma kowane sabon shiga da abin da ya tarar a rubuce yake aiki. Maganin ba ya cin ko dala: kafin inji ya fita, a buɗe shafin bayanin tsarinsa a gaban mai gyara, a rubuta lambar furosesa, yawan ram da girman disk, su biyu su sa hannu, in ya dawo a sake dubawa. Kayan da aka cire kuma a dawo da su biro, domin dukiyar jama'a ce. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Akwai kuma zancen lasisi da ba a cika faɗa wa mai saye ba: Windows ɗin da ta zo tare da inji daga masana'anta a uwar allo take ɗaure, in aka sauya allon, lasisin ya tafi tare da shi.

Sabon inji ko tsoho, a ƙasar Adar maƙiyansa uku ne, kuma babu ɗaya da ke zaune a Amurka. Na farko ƙura. Iskar da ta sa aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya na Buza a 1975, tare da ƙungiyar CARE, don kare gero, ita ce ke shiga biro ta taga, fankar kwamfuta kuma ta zuƙe ta ta tara a kan furosesa har ta zama kamar bargo. Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40 a inuwa, furosesan da ƙura ta lulluɓe yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, mai shi kuma ya ce tsufa ne. Busa ƙurar, da goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi a shafa sabo kamar ƙwayar wake, yakan dawo da injin da aka riga aka yi wa ta'aziyya. A ɗauke akwatin daga ƙasa, a bar masa tazara da bango. Idan kuma kwanan wata na komawa baya kullum, ƴar batirin nan ce mai kama da kwabo, CR2032, ta ƙare, ba uwar allo ba.

Na uku kuran. Wanda ya zauna a Nijar daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake sha, ba ya bukatar a yi masa bayani. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta taimaka wa yankin, amma ba ta hana ɗaukewa da dawowa da ƙarfi ba, kuma dawowar ce ke ƙona akwatin wuta, wani lokaci ta haɗa da allo. Ƙaramin janareta da ƙarfinsa ke hawa da sauka shi ma haka. Mai kuɗin da ba su isa sayen furosesa da ondilar tare ba, ondilar ya kamata ya fara saye, ya kuma tuna batirinta ba ya daɗewa a wannan zafi.

Hunturu yana da nasa sharrin da ba a gani. Tartsatsin nan da ke ƙara idan mutum ya tuɓe rigar sanyi da dare, ko ya taɓa ƙofar mota ta ɗan cije shi, ya ishi kashe sandar ram nan take, ko ya raunata ta ta riƙa kashe inji lokaci lokaci ba a san dalili ba. Mai gyaran kirki yakan zare igiyar wuta, ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya taɓa komai, ya riƙe sanda ta gefe, ba ya shafa haƙoran zinariyar. Wanda aka gani ya ciro ram daga aljihun rigarsa babu leda, a sallame shi da mutunci.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, a kwafi bayanai. Babban aikin raya karkara na Kaita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da kulawar FAO, mata kuma suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka, ya bar shinge da madatsai da itatuwa da ido ke gani, ya kuma bar taswirori da awon ƙasa waɗanda masanan birnin Florence suka taimaka aka zuba a kwamfuta. Injinan wancan zamani, masu cin faifan disket da bai ɗaukar ko mega ɗaya da rabi, babu wanda zai yi aikin yau. Abin da aka kwafa daga inji zuwa inji shi ne ya rayu. Haka rajistar Garhanga ko ta Karofan take, haka littafin bashin Alhaji. Kwafi biyu, a kan disk na waje ko kile, ɗaya a ajiye shi a wani ɗaki dabam, a kuma buɗe shi a gani da ido cewa takardun suna ciki.

Saura injinan zubi na 7 zuwa ƙasa, masu lafiya, da babu kuɗin maye gurbinsu. Microsoft ya tanadi ƙarin wa'adi: na mutum ɗaya iyakarsa 13 ga Oktoba na 2026, na ma'aikatu kuma shekara uku, dalar Amurka 61 kowane inji a shekarar farko, wajen jika 35 ke nan, kuɗin na ninkawa kowace shekara. Da wuya kasafin ƙaramar hukumar karkara ya ɗauki wannan. Injin da aikinsa buga takarda ne kawai ana iya raba shi da intanet, a kuma sa ido kan kile-kilen da ke yawo daga biro zuwa shagon fotokofi, tun da su ne masu kai cuta gida gida. Wanda ke ganin ana zuzuta haɗarin ya tuna watan Mayu na 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya, alhali maganin kafar da ta bi ya fito tun watan Maris, ba a zuba shi ba ne.

Akwai kuma Linux, tsarin da ba a biyan lasisi, wanda irinsa Ubuntu da Linux Mint ke tafiya lafiya lau a injin 2012, da Faransanci, tare da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Ba wasan yara ba ne: jandarmomin Faransa sun fara mayar da kwamfutocinsu kansa tun 2008, dubun dubata. Akwai ma Emmabuntüs, da aka shirya musamman don tsofaffin injinan da ake farfaɗowa. Cikas ɗinsa biyu ne, kuma na gaske ne. Manhajar da ma'aikatar Yamai ta turo, ta lissafin kuɗi ko ta rasit, in don Windows aka yi ta, sai an tambayi masu ita kafin a taɓa komai. Sa'an nan sakatariyar da ta shekara goma hannunta ya saba da wuri ɗaya tana bukatar wanda zai zauna da ita kwana biyu, a kuma gwada firintar biron tun kafin a goge tsohon tsarin.

Wanda ya yanke shawarar saye, ko a Maraɗi, ko a Ƙonni, ko ya tsallaka Ilela ya nufi Sakkwato da Kano, kada ya karɓi akwati a rufe. A kunna shi a shagon, a buɗe shafin bayanin tsarin, ya karanta lambar furosesa da kansa, ya ga 8 ko sama a farkonta, ya ga yawan ram da irin disk, a buɗe murfi ya ga ko akwai ramin ram da ya rage don gaba. A bar injin a kunne rabin sa'a yana aiki, a saurari fanka. Sa'an nan mai shago ya rubuta waɗannan lambobi duka a rasit, tare da lambar jikin akwatin da kwanakin da ya yarda a dawo da kaya, a lissafa da kwanan da mota za ta yi kafin ta iso Buza ko Kaita.